Ranar da Inna Ta Ce Mazari

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina gyaran ƙotar fartanya, sai wani koren mazari ya shigo ya sauka a kan igiyar shanya. Kafin in ɗaga kai, matar ɗayanku ta suri ɗanta ta shige ɗaki tana salati, wata kuma ta ɗauko tsintsiya tana korarsa tana cewa, "Na Inna ne, na Inna ne ya dawo." Waɗannan yaran ba su taɓa ganin Inna ba, ko a hoto. Na zauna baki buɗe, fartanya a hannu. Ashe maganar da nake zaton ta mutu tana nan da ranta, har ta yi jikoki. Inna mahaifiyata ce, kakarku ce, kuma an fitar da ita daga gidan nan da sunan da bai dace da ita ba, ina tsaye ina kallo. Karatuna bai yi nisa ba, ban iya tsara zance ba, amma zan faɗa muku abin da ya faru a waccan daminar kamar yadda ya faru, domin ku daina jin sa a bakin waɗanda ba sa wurin.

Ku 'yan yanzu mazari ɗaya kuka sani, wato ƙwaron nan mai dogon jiki da fiffike kamar gilashi. A zamaninmu mazari biyu ne. Akwai na kaɗi, siririn itace mai dunƙulen yumɓu a gindi, wanda mata ke murzawa su mayar da auduga zare. Inna da shi ta tashi, da shi ta tsufa. Ban taɓa ganin yatsunta babu alli ba. Ko da zaren kanti ya cika kasuwa, kowa ya watsar da kaɗi, ita ba ta bari ba, ta ce hannun da ya saba juyi ba ya zama haka nan. Shi kuwa ƙwaron, kududdufin bayan gidanmu ne gidansa. Da ruwa ya cika sai su fito, akwai ja, akwai shuɗi, amma kore ya fi yawa. Koren ma iri biyu na sani. Akwai babba mai baƙaƙen zobba a wutsiya da idanu ƙato-ƙato, akwai kuma ɗan siriri kamar allura, wanda ke naɗe fiffikensa idan ya sauka. Kowa da abin da yake cewa a kansu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, cewa yake idan suka yi yawa to damina ta fara haɗa kayanta, kuma a bar su, sauro suke ci. Wasu mata sun ce in ya shigo gida baƙo na tafe. Gwaggo Lami, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ita cewa take dawakin mutanen ɓoye ne, musamman kore, a kansu masu ruwa ke fitowa shan iska. Inna dariya take mata.

"Lami, in dai wannan ne dokin aljani, to aljanin nan bai ƙoshi ba."

Kafin faɗuwar ruwan waccan shekarar Inna ta faɗi a gindin turmi. Muka kai ta asibiti, muka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Sai mutum biyu sun kama ake juya ta a gado. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne maganarta. Sunayen mutane duk sun ɓace mata, ko na 'yata Ummi, wadda ta ci sunanta, wadda kullum ke wasa a bakin ƙofarta, ba ta iya faɗa. Sunan kaya ne ke fitowa jefi-jefi, shi ma da ƙyar. Ta ce ruwa, ta ce wuta, ta ce mazari. Idan ta ce mazari sai mu ɗauko shi daga taskira mu sa mata a hannun hagu, ta riƙa murza shi a cinya babu auduga, har barci ya ɗauke ta. Muka saba da haka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na gaji. Ina da saurin fushi tun ina yaro, kun san wannan, kun sha shi. Jinya ta yi tsawo, gona na jira, sai na fara amsa kiran uwata kamar wanda ake tasa daga barci.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da safe rana ta fito. Na kira gayya don huɗar dawa, mutane sun riga ni zuwa gona. Mahaifiyarku Hajara tana madafi tana fama da jiƙaƙƙen itace, tana dafa abincin 'yan gayya, hayaƙi ya rufe ta. Ummi lokacin ba ta wuce shekara uku ba, na gan ta tana wasa da ƙasa kusa da rumbu. Na saɓa garma zan fita sai na ji muryar Inna, da ƙarfin da ban ji ta da shi ba tun da ta kwanta.

"Mazari! Mazari!"

Na ajiye garmar, na shiga, na laluba taskira, na danƙa mata.

"To Inna, ga shi nan. Sai na dawo."

Ta yi jifa da shi. Ya bugi bango, yumɓun ya fashe. Mazarin da ta yi shekara da shekaru tana lallaɓawa. Ta cafke ƙafar wandona, tana miƙa haɓa wajen ƙofa, idanunta kamar za su faɗo.

"Mazari! Maza… mazari!"

"Haba Inna! Na ba ki kin fasa. Mutane na can suna yi mini aiki, ni ina nan ina rigima da ke?"

Na fizge ƙafata. Da na fito sai na kwance asabarin ƙofarta na sake shi ya rufe. Na sha gaya wa kaina wai don kada hasken rana ya dame ta ne. Ba haka ba ne, so nake in daina ganin idanun nan. Ban tsaya nan ba, na leƙa madafi na ce:

"Hajara, in kin ji tana kira ki rabu da ita. Rigima take ji yau."

Ban yi nisa da aiki ba na ji kururuwar mata daga wajen kududdufi. Muka watsar da garemani muka sheƙa. Abin da na tarar, har gobe idan na rufe ido ina ganinsa. Inna ce kwance a gefenta cikin taɓo, ruwa ya kai mata ƙirji. Hannunta na hagu ya damƙe wuyan rigar Ummi, fuskar yarinyar rabi a ruwa rabi a waje. Hajara ta shiga har gwiwa tana jan 'yarta tana ihu, Inna kuwa ta ƙi saki, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. A samansu korayen mazari ne birjik, suna shawagi, suna sauka a kan kainuwa suna tashi. Aka kifa Ummi, ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Na juya ga Inna. Zaninta ya yage, gwiwar hannunta ta saɓule har jan nama, taɓo ya cika mata baki da gashi. Na tuɓe rigata na rufa mata. Matar da sai an juya ta, ga ta a cikin kududdufi.

Gwaggo Lami ce ta fara magana, tana dogare da sanda a bakin ruwa.

"Ni dai tambaya nake. Wa ya kawo ta nan? Kai Sale, kai ka ɗauko ta?"

"Ina gona, Gwaggo."

"Ke Hajara, ke ce?"

"Ni ina madafi. Na nemi Ummi ban gan ta ba, na ɗaga asabari na ga gado wayam."

"Ba ki ji komai ba kafin nan?"

"Na ji tana ta cewa mazari, mazari."

Gwaggo Lami ta ɗaga sandarta sama, ta nuna ƙwarin da ke yawo a kanmu.

"To ku ɗaga kanku ku gani. Ta kira, sun amsa."

Na ga mata suna ja da baya, kowace tana laluben hannun ɗanta. Da azahar aka sake sako ruwa, ya shafe duk wani sawu da ke ƙasa, kuma babu wanda ya yi tunanin dubawa tun farko. An riga an sami amsa.

Babu wanda ya taɓa furta kalmar maita a gabana, amma na gan ta a ko'ina. Yaran maƙwabta suka daina shigowa. Matan da ke zuwa gaishe da Inna suka koma tsayawa a zaure su aiko da sannu. Idan na doso majalisa sai zance ya koma kan farashin taki. Labarin ya tafi yana ƙara kiɓa, har aka ce an ga Inna tana tafiya da ƙafafunta a kan ruwa, korayen mazari na yi mata rakiya. Hajara ta goya Ummi ta ƙi saukewa, yarinyar da ta riga ta yi wayon gudu. Kada ku ga laifin mahaifiyarku, abin da idonta ya gani shi ya gani. Wata safiya ta same ni a zaure ta durƙusa.

"Malam, ni ban ce Inna ta yi wani abu ba. Allah ya kiyashe ni. Amma hannunta na gani a wuyan 'yata, na ja ta ƙi saki. Tun ranar ban yi barci ba."

"To me kike so in yi? Uwata ce."

"Na sani. Ita ma wannan 'yarka ce."

Liman ya kira ni gefe bayan sallah, ya ce, "Sale, ka ji tsoron Allah. Lalura ce ta sami mahaifiyarka, ba wani abu ba. Kada ka bari zancen bakin rijiya ya shiga tsakaninka da aljannarka." Na ce to. Amma ban gaya masa ta yi jifa da mazarin kaɗin ba, ban gaya masa na sake asabari ba. Ban gaya wa kowa ba, don duk wanda ya ji zai san na bar uwata tana ihu na tafi gona. Na bar zancen a cikina, shi kuwa na Gwaggo Lami ya samu fili. Wata rana na yi ƙarfin hali na shiga na zauna a bakin gadonta. Zazzaɓi ya kama ta tun shigarta ruwa, tana tari. Na ce:

"Inna, don Allah, me ya kai ki kududdufi?"

Ta dube ni, ta daɗe tana kokawa da bakinta. Sannan a hankali ta ce:

"Mazari."

Na miƙe na fita da baya. Ku ji wannan da kyau, ni da ta goya, ni da ta yi wa kaɗi ta ɗinka mini rigar sallah, na ji tsoron uwata.

Sai na aika wa yayata, Yaya Abu, da ke aure a wani ƙauye gaba da Gezawa. Na ce gidanta ya fi kusa da asibiti, ko za ta karɓi Inna ta ɗan kwana biyu. Ta zo da kanta a motar a-kori-kura. Labari ya riga ya kai mata. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan gidan ba. Ta tsaya a tsakar gida ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mutanen gari ban damu da su ba. Amma Sale, har da kai?"

"Yaya, asibiti ne…"

"Rufe mini baki. Kama ƙafafun, ni in kama kai."

Muka shimfiɗa ta a bayan mota a kan katifa. Ba ta yi kuka ba. Idonta na kan Ummi da ke bayan Hajara har motar ta sha kwana.

Gida ya yi shiru, yaran maƙwabta suka dawo, Hajara ta sauke goyo. Na ce a raina ashe an yi daidai. Da aka fara cirar gyaɗa sai na rasa wurin zubawa, na ce bari in kwashe kayan ɗakin Inna in zuba a ciki. Ku dubi inda rashin kunya ya kai ni. Na naɗe asabarin, na fitar da taskira da tukwane, sai bayana ya riƙe. Na ɗan kishingiɗa a gadonta, kaina a daidai inda nata yake zama. Ban taɓa kwanciya a wurin ba. Daga nan idona ya bi ta ƙofa, ya bi ta ƙarƙashin rumbu, ya faɗa kan wata kafa a gindin danga, inda awaki suka ɓarke kara. Wanda ke tsaye ba zai gan ta ba, rumbu ya tare. Sai wanda ke kwance a gadon nan. Ta cikin kafar ina hango 'yar hanya, a ƙarshenta ruwan kududdufi na ƙyalli.

Ina cikin kallon nan sai ga Ummi. Ta taho a sanɗa, ta miƙa yatsu biyu, tana cewa, "Zo, zo." Wani babban kore ne ya sauka a kan karan dangar. Ta kai hannu, ya tashi ya faɗa waje. Ta durƙusa ta zura kai a kafar, ta bi shi.

Na zabura. Na buɗe baki in kira sunanta, sunan ya maƙale. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne:

"Hajara! Mazari! Ta bi mazari!"

Na ji muryata ta daki bangon ɗakin nan. Da rarrafe na fita, na kutsa ta kafar, kara na yagar bayana. A jikin wani kara na ga ƙyallen zanin Inna a maƙale, ruwa da rana sun cinye launinsa. Na cim ma Ummi a tsakiyar hanya na suri abata. Hajara ta zagayo ta zaure da gudu, muciya a hannu. Na durƙusa a gaban yarinyar, na yi mata tambayar da babu wanda ya yi mata tun ranar, cikinmu duka, manya masu hankali.

"Ummi, ran da kika faɗa ruwa, me kika je yi?"

"Kore na bi. Ya gudu."

"Inna fa?"

"Inna ta yi rarrafe." Ta yi dariya. "Babba da ita tana rarrafe. Ta riƙe ni, ta ce wuta, wuta."

Ko kalmar ruwa ba ta zo mata ba a lokacin, wadda ta samu ita ta yi ihu da ita. Hajara ta saki muciya ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka tana innalillahi. Na dubi hanyar nan, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin ruwa, duk tsakuwa da ƙaya. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ta ja jikinta, bayan ta faɗo daga gado, bayan ta ture asabarin da na rufe ta da shi. A nan tsakiyar hanya na gaya wa Hajara komai. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Malam, da ka faɗi haka tun ranar, ai da ni kaina na gane."

Bayan azahar na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa maza, da ƙyallen a hannuna. Wasu suka yi salati, wasu suka sunkuyar da kai. Na shiga har ɗakin Gwaggo Lami na faɗa mata. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Daga yadda ta faɗa na san ba ta sauka ba. Ban tsaya jayayya ba, na ɗora Ummi a gaban babur na kama hanya. Hajara ta biyo ni har waje tana cewa in dawo da Inna yau, yau ɗin nan.

Na sami Yaya Abu tana sussukar gero a ƙofar gida. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ba ta ajiye taɓarya ba.

"A'a, manyan baƙi. An zo duba ko ta cinye nawa 'ya'yan ne? Shiga ka ƙirga, suna nan cif."

"Yaya, na zo ɗaukar Inna. Na gane abin da ya faru."

"Ka gane? Sannu da ƙoƙari. Ni ban kasance a wurin ba, amma ban buƙaci ganewa ba."

Ta dai bar ni na shiga. Inna ta rame, tarin ya zauna mata a ƙirji. Na durƙusa a gaban gadon, na ce:

"Inna, na kwanta a gadonki, na ga kafar danga. Ƙwaron kike nufi. Ummi kike nuna mini. Ki yafe mini, Inna."

Ba ta dube ni ba. Ummi ta hau gadon da kanta, Inna ta sa hannun hagu ta shafa kanta, ta juya wuyanta tana duba inda farcenta ya karce ta, ta ga ya warke. Sai hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Na ce na zo in mayar da ita ɗakinta, gobe da safe zan kawo mota. Yaya Abu na tsaye a bakin gado ta ce:

"Ni ba zan hana ka ba, uwarka ce. Amma tambaye ta. Kuma wannan karon ka tsaya ka ji amsa."

Na tambaye ta. Inna ta saki Ummi, ta miƙa hannu a hankali ta kama bakin zanin Yaya Abu, ta naɗe shi a yatsunta. Na sake tambaya. Ta juya fuskarta bango. Na yi ta komawa bayan nan, duk mako, ina kai abin da na samu, har ta yarda ta karɓi kunu daga hannuna. Amma duk ranar da na ambaci gida sai ta nemi zanin Yaya Abu. A can ta rasu kafin wata daminar, a can kabarinta yake.

A ranar farkon nan kuwa, da na iso gida da la'asar sakaliya, na tarar Hajara ta mayar da duk kayan Inna ɗaki. Ta share, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta toshe kafar danga da ƙaya da hannunta, ta dama kunun tsamiya ta rufe da faifai. Tana tsaye a ƙofar zaure da mayafi. Ta karɓi Ummi, tana leƙen bayana ko mota na tafe.

"Malam, ina Inna? Sai gobe?"

Na kashe babur. Na ce mata ta raba wa yara kunun kada ya lalace.